TSOHUWAR KWALBAR BARASA A ƊAKIN KAKA: A INA ZUNUBIN YAKE ZAUNE?



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wani ɗan'uwa daga unguwar Ƙofar Mazugal ya aiko mana da tambaya. Suna kwashe kayan ɗakin kakarsu bayan rasuwarta, Allah Ya jiƙanta, sai suka tarar da wata tsohuwar kwalba a ƙarƙashin gado. Koriya ce mai duhu, mai kusurwa huɗu, kafaɗarta ta fi gindinta faɗi, an zana sunan J.H. HENKES a jikin gilashin, ga kuma tambarin wani tsuntsu mai kama da shamuwa. A cikinta tsohuwar take ajiye zuma, kuma babu jikan gidan da bai lasa ba. Wani mai sayen kayan tarihi ya gan ta, ya ce ai wannan kwalbar barasa ce ta zamanin Turawa, ya taya ta da kuɗin da ya ba kowa mamaki.

Nan fa gida ya rabu biyu. Wasu suka ce a fasa ta yanzu-yanzu, kayan la'ana ba ya kwana a gidan Musulmi. Wasu suka ce dukiyar magada ce, har da marayu a ciki, a sayar a zuba a gado. Wata ƙanwarsu kuwa kuka ta sa, tana tambaya: ashe najasa Hajiya ta yi ta ba mu shekara da shekaru?

Amsar fiƙihun gajeriya ce, kuma za mu zo kanta. Amma a bayan kwalbar nan akwai tambayar da ta shafi kowa a garin nan: idan abu ya ɗauki haramun, laifin a ina yake zama? A jikin mazubin ne, ko a cikin kuɗin, ko a zuciyar mai shi?

DAGA INA TA FITO?

J.H. Henkes kamfanin tatsar barasa ne na ƙasar Holan. An kafa shi a 1824 a Delfshaven, wanda yanzu unguwa ce a cikin birnin Rotterdam. Shi da takwarorinsa, irin su Van Hoboken na Rotterdam, da masu tatsa na garin Schiedam, da 'yan kasuwar Hamburg a Jamus, su ne suka cika gaɓar tekun Afirka ta Yamma da barasar nan da Turawa ke kira gin, daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa Yaƙin Duniya na Farko. Kafin su ma, barasa tana cikin kayan da jiragen Turawa ke saukewa su ɗauki bayi a madadinta. Da cinikin bayi ya mutu aka koma manja da ƙwarar manja, sai barasa ta ci gaba da zama abin biya.

Siffar kwalbar ma ciniki ne ya tsara ta. An yi mata kusurwa huɗu don guda 12 su zauna daram a akwatin katako, kada su yi ta karo da juna a cikin jirgin ruwa. An tsuke gindinta don ta fita cikin sauƙi daga ma'aunin da ake hura ta a ciki. Korenta mai duhu daga ƙarfen da ke cikin yashin da aka narka yake, kuma idan ka ɗaga ta a rana za ka ga 'yan kumfa sun daskare a jikin gilashin. Tsuntsun nan kuwa an sa shi ne don mai sayen da bai iya karatun boko ba ya gane kayan da ido.

A Kudancin Najeriya abin ya kai matsayin da barasar ta zama kuɗi. Ana sayen kaya da ita, ana biyan sadaki da tara da ita, akwati ɗaya ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu shekaru ba a buɗe shi ba. Limaman mishan, a gaba-gabansu Bishop Tugwell, suka yi ta kuka a kan ɓarnar da take yi, har gwamnatin Ingila ta kafa kwamitin bincike a 1909. Kwamitin ya zagaya, ya ji shaidu, ya dawo ya ce bai ga wata mummunar illa ba. To ina zai gani? A shekarun nan kusan rabin kuɗin shigar gwamnatin Kudu, wani lokaci ma fiye, daga harajin barasa yake fitowa. A 1913 kaɗai harajin ya haura fam miliyan ɗaya. Sai a 1919, bayan yaƙi, ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar hana irin wannan barasa mai araha.

A Arewa labarin daban ne. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ce kada a shigar da barasa yankunan da addini ko al'ada suka hana shan ta. Da Gwamna Lugga ya kafa mulkinsa a Arewa a 1900, sai ya hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa, aka bar Turawa da waɗanda aka ba izini suna shigo da tasu. Ruwan aka tsare a kan iyaka, ita kuwa kwalba idan ta zama fanko babu mai tare ta. A lokacin da mazubin mutane bai wuce ƙwarya da gora da tulu da tandu ba, kwalbar gilashi mai marufi abin so ce. Har yau ma ka duba kasuwa: da me ake auna man gyaɗa da manja? Da kwalba. A cikin me ake ɗura soyayyiyar gyaɗa da zuma a bakin titi? Mafi yawansu kwalaben da suka taɓa ɗaukar giya ko barasa ne. Ba kakar mai tambaya kaɗai ba ce, kusan duk gidajenmu ne.

GIYA TA RIGA KWALBA ZUWA KANO

Kada kuma mu ce Bature ne ya koya mana. Ƙofar Mazugal tana cikin tsofaffin ƙofofin birni, sunanta ya zo a Tarihin Kano a labarin ganuwar da Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara. Tana nan kusa da Dala, inda Barbushe ya yi zamaninsa. Littafin nan da ya jero manyan mutanen Barbushe da sana'ar kowa, ya ambaci maƙeri, ya ambaci mai magani, ya kuma ambaci wani mai suna Bugazau a matsayin mai dafa giya. Wato a gindin dutsen nan, dafa giya ta taɓa zama muƙami a cikin manyan gari, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi wanda ya kafa Henkes.

A me Bugazau yake dafawa? A tukunya. A me ake sha? A ƙwarya. Da Musulunci ya shigo fada a zamanin Sarki Yaji tare da Wangarawa, ba mu ji an ce Kanawa su daina amfani da tukunya da ƙwarya ba. Abin da ke ciki aka canza. Ƙwaryar da irinta ta ɗauki giya a gindin Dala, irinta ce yau ake dama fura a ciki a buɗe baki da azumi.

Ka riƙe wannan, domin shi ne tushen mas'alar.

ME SHARI'A TA CE A KAN MAZUBI?

Allah Ya haramta giya ne daki-daki. A Baƙara, aya ta 219, an bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A Nisa'i, aya ta 43, aka hana kusantar salla cikin maye. A Ma'ida, aya ta 90 da 91, aka rufe ƙofar gaba ɗaya. Ranar da hukuncin ƙarshe ya sauka, Anas ɗan Malik (RA) yana cikin zuba wa baƙi a gidan Abu Ɗalha (RA). Da suka ji mai shela, ba wanda ya ce bari in ƙarasa na hannuna. Aka tuntsurar, har ta gudana a lungunan Madina. A ruwayar Imamu Malik cikin Muwaɗɗa, Abu Ɗalha ya umarci Anas ya farfasa tulunan, shi kuma ya buga su da turmin dutse har suka tarwatse.

Masu cewa a fasa, kun ga suna da madogara, kuma kishinsu abin yabawa ne. Amma a haɗa da sauran nassoshin.

Na farko: lokacin da tawagar Abdul Ƙaisi ta zo Madina, Annabi (SAW) ya hana su jiƙa dabino a cikin mazubai huɗu: gorar duma, da koren tulu mai sheƙi, da kututturen dabino da aka fafe, da mazubin da aka shafe da kwalta. Dalili shi ne jiƙo yana saurin tsima a cikinsu, ga shi mutane ba su daɗe da rabuwa da giya ba. Daga baya, a hadisin Buraida (RA) da Muslim ya ruwaito, ya ɗage hanin, ya bayyana cewa mazubi ba ya halatta abu kuma ba ya haramta shi, abin da aka haramta shi ne duk mai sa maye. Imamu Malik ya ci gaba da ƙin a yi jiƙo a gorar duma da mai kwalta, saboda tsoron tsimuwar abin da ke ciki, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani.

Na biyu: Abu Sa'alaba Al-Khushani (RA) ya yi tambaya a kan kwanukan Ahlul Kitabi, waɗanda a ruwayar Abu Dawuda aka ce suna dafa alade a cikinsu suna kuma shan giya. Aka ce masa idan ya sami wasu ya yi amfani da su, idan bai samu ba ya wanke waɗannan ya ci a ciki.

Na uku: ranar Khaibar, da aka haramta naman jakin gida alhali tukwane suna kan wuta, Annabi (SAW) ya ce a zubar a fasa tukwanen. Wani sahabi ya nemi a bari su zubar su wanke, sai aka amince masa. Daga irin wannan malamai da yawa suka fahimci cewa fasawa tsawatarwa ce da yanke sha'awa, wanki kuwa shi ne tsarkakewa.

A mazhabarmu akwai bambanci mai kyau tsakanin mazubi mai tsotsa da marar tsotsa. A Mukhtasar na Shehu Khalil, tukunyar yumɓu da najasa mai ratsawa ta shige jikinta tana cikin abubuwan da wanki ba ya tsarkakewa. Gilashi kuwa ba ya tsotsar komai. An wanke shi, launi da ɗanɗano da wari sun tafi, shi ke nan ya tsarkaka.

A Bida akwai unguwar Masaga, inda Nufawa masu sana'ar gilashi suka daɗe suna tara fasassun kwalabe, har da na giya da barasa, su zuga wuta su narkar da su, su fitar da awarwaro da duwatsun wuya. Matar da ta sa awarwaron nan ta tayar da salla, wa zai ce mata sallarta ba ta yi ba?

AMSAR MAI TAMBAYA

Don haka, ɗan'uwa, ga abin da ya bayyana:

1. Zumar da kuka sha halal ce tsarkakakkiya. Ku gaya wa ƙanwarku ta share hawayenta, ta yi wa Hajiya addu'a. Tsohuwar ta ɗauki abin da aka ƙera don saɓo ta shekara da shekaru tana ciyar da jikoki waraka a cikinsa.

2. Giya ba dukiya ba ce a hannun Musulmi. Abu Ɗalha ya tambayi Annabi (SAW) a kan giyar da wasu marayu suka gada, aka ce ya zubar, ya nemi ya mayar da ita khal aka hana shi. Amma fankon kwalba mai tsarki dukiya ce, tana shiga gado. Wanda ya fasa ta ba da yardar magada ba, musamman da marayu a ciki, sai ya biya.

3. Ya halatta a sayar wa mai tara kayan tarihi ko gidan adana su. Bai halatta a sayar wa wanda ka san zai sake ɗura barasa a ciki ba, kamar yadda malamai suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan da tsintar kwalabe. Kwalbar da za ta tafi wurin mai gyaɗa ko wurin narkewa daban, wadda za ta koma kamfanin giya ko hannun masu haɗa jabun barasa daban. Buhun ɗaya ne, nauyin ɗaya ne, amma hisabin ba ɗaya ba ne.

4. Idan za ku riƙe ta, kada ta hau kan kanta a falo ana alfahari da sunan kamfanin. Masu amfani da kwalaben zamani kuma su ɓare takardar da ke jiki. Annabi (SAW) da kansa ya tsayar da wasu sahabbai biyu da dare ya gaya musu cewa matar da ke tare da shi Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu zato. Idan shi ya kare kansa daga zargi, ina ga ni da kai?

5. Akwai kuma kwaikwayo. Imamul Gazali ya ambata a Ihya'u cewa idan mutane suka shirya majalisi irin na mashaya, da mai zubawa da zagaya kofuna, an hana su ko da abin shan halal ne. Masu girgiza doguwar kwalbar lemo a wajen dina har ta yi kumfa ana ihu, ku tambayi kanku wa kuke kwaikwayo.

TO KUƊIN FA?

Nan ne maganar take da nauyi, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni.

Hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito daga Anas ya jero mutum goma da aka la'anta a kan giya: mai matsa ta, da wanda aka matsa wa, da mai sha, da mai ɗauka, da wanda aka kai wa, da mai zubawa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya wa. Ka ƙirga da kyau. Mutane ne goma, babu tulu a cikinsu. Amma mai cin kuɗin yana nan.

Mu koma tarihi. Kafin haɗewar 1914, gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta. Ana cike giɓinta da tallafi daga baitulmalin Ingila da kuma wani kaso da Kudu ke bayarwa daga kuɗin kwastan. Layin dogon Baro zuwa Kano, wanda ya iso a 1911, da kuɗin da gwamnatin Kudu ta samar aka shimfiɗa shi. Mun riga mun ga daga ina babban rabon kuɗin Kudu yake fitowa. Wato an hana kakanninmu ruwan kwalbar, amma harajinta ya iso musu a siffar albashin ma'aikata da ƙarfen dogo, wanda a kansa gyaɗar Kano ta kama hanyar teku.

Yau ma zanen bai canza sosai ba. Bayan an dawo da Shari'a a Kano a shekarar 2000, Hukumar Hisba tana kama giya tana farfasawa. A watan Nuwamba na 2013 an murƙushe kwalabe 240,000 a bainar jama'a, an kuma maimaita irin haka a shekarun baya. Hukuma tana da damar tsawatarwa ta wannan hanya, kuma muna yi wa masu aikin addu'a. Amma harajin VAT da ake karɓa a kan giyar da aka sayar a Legas da Fatakwal da Abuja yana shiga tukunya ɗaya da sauran haraji, a raba wa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata, har da namu. Da rigimar VAT ta tashi a 2021 tsakanin jihar Ribas da gwamnatin tarayya, wannan gorin aka yi ta yi mana: kuna fasa kwalba kuna karɓar kuɗinta.

Wasu masu gorin ba gaskiya suke nema ba, mun sani. Amma ba a amsa gori da zagi, da ilimi ake amsawa. Magabata sun fuskanci irin wannan. Abu Ubaid ya kawo a Kitabul Amwal cewa an gaya wa Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi (RA) wasu gwamnoninsa suna karɓar giya a matsayin jizya su sayar. Ya hana, ya ce a bar masu ita su sayar da kansu, a karɓi haƙƙin baitulmali daga kuɗin. A littafin dai, an kawo cewa gwamnan Umar ɗan Abdul'aziz ya sanar da shi wasu dirhamai da aka karɓa a matsayin ushirin giya, sai ya ce a nemi mai su a mayar masa, domin Musulmi ba ya karɓar ushiri a kan giya.

Ka lura da bambancin. A na farko, haƙƙi ne da yake kan mutum, ya biya daga dukiyar da addininsa ya halatta masa. A na biyu, haraji ne a kan ita giyar kanta. Duk mai adalci zai ga cewa VAT ɗin da aka ɗora a kan kwalbar giya ya fi kama da na biyun.

Shin wannan yana nufin albashin malamin makaranta haramun ne, ko titin da ya bi ta Ƙofar Mazugal bai halatta a taka ba? A'a. Dukiyar gwamnati cakuɗaɗɗiya ce, mafi yawanta daga halal take, ba Kano ce ta ɗora harajin ko ta karɓa ba, kuma ma'aikaci ladan guminsa yake ci. Annabi (SAW) ya yi ciniki da Yahudawan Madina alhali an san akwai riba a dukiyarsu, har ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin ɗayansu. Talaka babu komai a kansa.

Amma rashin zunubi a kan talaka bai sauke nauyi daga kan shugabanni da malamai da masu ilimin tattalin arziki ba. Su ya kamata su zauna su duba: nawa ne wannan kaso, za a iya ware shi, ina ya dace a kai shi? Malamai sun yi bayanin yadda ake rabuwa da dukiyar da ta shigo ta hanyar da ba ta dace ba, a sa ta cikin maslahar jama'a ba da niyyar neman lada ba. Me zai hana a fara tunanin zuba irin wannan kaso a gidajen gyaran masu shaye-shaye? Sannan jihar da take son ta yi magana da ƙarfin murya, sai ta ƙoƙarta ta ci da kanta daga noma da kasuwa da masana'antu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Fasa kwalba aikin yini ɗaya ne, kuma ana ɗaukarsa a hoto. Tsarkake aljihu aikin shekaru ne, babu mai tafa maka.

KWALBAR DA BA MA TSORO

Ƙa'idar nan ta cewa mazubi ba ya halattawa kuma ba ya haramtawa, kaifi biyu gare ta. Ta wanke kwalbar Hajiya, ta kuma tona asirin wata kwalbar.

Abin da ya fi cinye 'ya'yanmu a cikin birni bai zo da tambarin shamuwa ba. Ya zo a 'yar ƙaramar kwalbar maganin tari, da hatimin kamfani, daga kantin magani. Sai da BBC ta fitar da bincikenta a 2018, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a nan Kano, sannan gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Kafin nan shekara nawa ana juye shi a robar lemo, 'yan mata da matan aure suna sha a cikin gida, uwa tana kallo tana cewa ai lemo ne? Ga tiramol a fallen ƙwaya, ga sholisho a tsumma, ga barasar leda da ake ɓoyewa a aljihun makaranta. Annabi (SAW) ya ba da labarin wasu daga al'ummarsa da za su sha giya suna kiran ta da wani suna.

Mutumin da zai tsallake titi don kada rigarsa ta taɓa akwatin giya, amma a shagonsa yana miƙa wa yaro kwalbar sirof ba takardar likita, yana sane da abin da za a yi da ita, wannan ya bar jaki yana dukan taiki. Yana cikin goman nan, ko da rawaninsa ya kai ƙasa.

MUTUM MA MAZUBI NE

Saura abu ɗaya. Mun yarda gilashi yana tsarkaka da ruwa. Me ya sa ba ma yarda mutum yana tsarkaka da tuba?

A unguwanninmu, wanda aka taɓa gani da maye shekara 20 da suka wuce har yau sunansa ɗan giya. Ya tuba, yana sahun farko, amma in ya nemi aure sai a tono. In ɗansa ya nema, a ce ai gidan mashaya ne. Yarinyar da ta fito daga gidan gyara ta dawo, ƙawayenta sun gudu, dangi suna nuna ta da baki, babu mai karɓarta sai waɗanda suka koya mata tun farko. Daga nan mu ce ai dama mun faɗa, ba ta shiryuwa.

Bukhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, mai ba Annabi (SAW) dariya, wanda aka sha kawo shi ana yi masa bulala saboda shan giya. Wata rana wani ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi. Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da ManzonSa. A wani hadisin ya hana sahabbai su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Lura fa, ba a ɗage masa haddi ba, kuma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Wannan wanda yake komawa ke nan. To ina ga wanda ya bari gaba ɗaya?

Da yawa daga cikin waɗanda suka zubar da giya a lungunan Madina ranar nan, da safiyar ranar suna cikin masu shan ta. Su ne kuma suka ɗauko mana Alƙur'ani da Sunna. Da an yi musu irin hukuncin da muke yi wa tubabbunmu, da wa zai ruwaito mana hadisin?

Saboda haka, jama'a, mu sa kowane abu a muhallinsa. Mazubi a wanke shi. Kuɗi a bincike shi, a fara da na aljihunmu kafin na gwamnati. Mai shaye-shaye a hana shi, a yi masa magani, a hukunta mai sayar masa. Wanda ya tuba a buɗe masa ƙofa, a ba shi sana'a, a ba shi aure in ya cancanta, a daina kiran sa da sunan abin da ya zubar.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da dukiyoyinmu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba da shaye-shaye, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu. Wallahu a'alam.